An ɗaura aure ta waya, ango na waje amarya na Gombe: takardar zama za ta fito kuwa?

Tambayar da ake ta yi kenan a gidajen biki da majalisun dare: idan aka ɗaura aure ango yana Landan ko Toronto ko wani gari a Amurka yana kallo ta bidiyo, amarya kuma tana ɗakin mamarta a Jekadafari ko Bolari, shin wannan auren ya isa ya nema mata takardar zama ta bi shi? Wasu su ce ai aure aure ne, tunda an biya sadaki an shafa fatiha babu baturen da ya isa ya ce bai ɗauru ba. Wasu kuma su ce kar ma a wahala, Turawa ba sa kallon auren waya kwata kwata. Kowane ɓangare ya kama wani abu na gaskiya ya saki wani, kuma wadda take biyan kuɗin wannan ruɗanin ita ce yarinyar da aka bari a gida, an yi mata lefe an yi mata kayan ɗaki, shekara ta zagayo tana nan, ba ita ga budurwa ba ita ga matar da ta tare. A unguwarmu na ga irin haka da idona, shi ya sa na ce bari in zauna in warware maganar iya abin da na sani.

Mene ne auren waya ko na intanet ɗin ma tukuna?

Abu uku ne mutane suke haɗawa su kira da suna ɗaya, kuma ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne wanda muka gada, ɗaurin aure a masallaci ko ƙofar gida, waliyyin amarya ya bayar, wakilin ango ya karɓa, a faɗi sadaki, shaidu su ji, sanƙira ya sanar, a raba goro da alewa. Ango yana waje, sai wani ƙaninsa ya ɗaga waya ya haska masa ta WhatsApp ya ga taro. Nan wayar ba ta ɗaura komai ba, kallo kawai aka yi da ita, wakili ne ya karɓi aure.

Na biyu shi ne a ce angon da kansa ya karɓa ta waya, waliyyi ya ce na ba ka shi kuma daga can ya ce na karɓa, shaidu suna ji ta sifika.

Na uku kuma baƙo ne a wajenmu amma matasa sun fara jin labarinsa, wato auren jihar Yuta ta Amurka. Tun 2020 lokacin korona wata ƙaramar hukuma a can ta buɗe hanyar da mutum biyu za su yi rajista ta intanet, mai ɗaura auren yana zaune a Yuta, su kuma kowa yana inda yake a duniya, a haɗu ta Zoom da shaidu biyu, a gama a turo musu satifiket na gwamnati. Takarda ce ta gaskiya ba jabu ba, amma kamar yadda za mu gani ita kaɗai ba ta buɗe ƙofar biza, har a Amurkar da ta bayar da ita.

Malamai fa, me suka ce?

Wakilci a ɗaurin aure ba a saɓa a kansa ba a mazhabar Malikiyya da muke bi, mutum yana iya wakilta babansa ko kawunsa ko yayansa ya karɓa masa aure yana Makka ko yana Sin, aure ya ɗauru. Inda aka yi magana shi ne nau'i na biyu. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1990 ta halatta ƙulla ciniki ta waya da makamantanta amma ta cire aure daga ciki saboda sharaɗin shaidu. Wasu malaman na baya bayan nan sun sassauta idan ana ganin fuska ana jin murya kuma an tabbatar da mutumin. Ni dai a ganina tunda hanyar wakili tana nan a buɗe ba rigima a cikinta, kuma ga shi mun shigo zamanin da na'ura take kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, babu dalilin da zai sa uba ya ba da 'yarsa ga muryar da ta fito daga sifika.

To amma a lura da kyau, duk wannan maganar halacci ce a wajen Allah da wajen jama'a. Ofishin biza wata tambayar yake yi daban.

Abin da jami'in biza yake dubawa

Shi ba ruwansa da ko an yi walima ko mutum nawa suka cika masallaci. Yana so ya san auren nan doka ta amince da shi a ƙasar da aka ɗaura shi, sannan dokar shige da ficen ƙasarsu ta amince da irin wannan ɗaurin, sannan kuma auren zama ne na gaskiya ba na neman takarda ba. Mutanenmu da sun haye ta farko sai su ɗauka an gama, alhali a ta biyun ake faɗuwa.

Kuma ga inda abin yake da ɗaure kai. Mu a al'adarmu amarya ba ta taɓa zuwa wajen ɗaurin aure, tana cikin gida da ƙawayenta ana ƙunshi, ango ma ko yana wurin ba ya buɗe baki, manya ne ke magana. Wato abin da Turawa suka ware suka sa masa suna auren wakilci suna masa kallon tuhuma, mu shi ne aurenmu na yau da kullum tun kaka da kakanni. Shi ya sa idan ka ce wa dattijo Baba ai wai sai ango da amarya sun halarta, sai ya ce maka yaro kai ka taɓa ganin inda aka kai mace gaban liman? Yana da gaskiyarsa, amma ba shi zai buga hatimi a fasfo ba.

Amurka: sai an haɗu bayan ɗaurin aure

Dokar shige da fice ta Amurka ta 1952 ta faɗi abin a fili a sashe na 101(a)(35), duk auren da aka ɗaura ma'auratan ba sa tare a wuri ɗaya, ba a ɗaukarsu mata da miji a wajen biza sai idan sun sadu saduwar aure bayan ɗaurin. Kalmar bayan ɗin nan ita ce komai. Ko da sun san juna shekara goma, ko tare suka yi karatu a jami'ar Kashere, ko ya zo gaisuwar iyaye wata biyu kafin biki, duk ba ya shiga lissafi, abin da ake so shi ne bayan ranar da ke jikin satifiket an samu lokacin da su biyun suke wuri ɗaya. Ba dole a Najeriya ba, in ya fi sauƙi su haɗu a Umara ko a Alƙahira duk ya yi.

Ba wanda zai tambayi sirrin ɗaki da hoto, abin da ake nunawa shi ne tikitin jirgi, hatimin shiga da fita a fasfo, rasit ɗin masauki, hotunansu tare da dangi, da takardar rantsuwa cewa sun zauna tare daga rana kaza zuwa rana kaza. Kuskuren da ake yawan yi shi ne gaggawa, an ɗaura ranar Asabar ango ya cika fom I-130 na neman wa matarsa takardar zama ranar Litinin yana cewa bari layi ya fara tafiya in ya so in na samu hutu in je. A ranar da ya shigar da fom ɗin a idon dokarsu ba matarsa ba ce tukuna, don haka ana iya watsar da takardar bayan an yi watanni ana jira, kuɗin fom dala 675 a takarda ko 625 ta intanet kamar yadda aka sa a Afrilun 2024 ya tafi, a koma farko.

In an haye wannan sai maganar ɗaukar nauyi, mijin zai sa hannu a fom I-864 ya nuna samunsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatinsu, in bai kai ba ya nemo wanda zai tsaya masa. Sannan gwajin lafiya da intabiyu, kuma bizar zama ta 'yan Najeriya a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas ake yinta, wato yarinyar da ko Abuja ba ta taɓa kwana ba sai an shirya mata tafiyar Legas da muharrami da masauki. Idan auren bai cika shekara 2 ba ranar da ta shiga ƙasar, katin zama na wucin gadi na shekara 2 za a ba ta, sai sun sake cika fom I-751 na mayar da katin na dindindin cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare. Matar ɗan ƙasa ba ta bin layin ƙayyadadden adadin biza da ake bayarwa duk shekara, amma matar mai girin kad, wato katin zaman dindindin, tana bi, don haka ya kamata a san wanne ne angon a ciki tun kafin a sa rana.

Ga kuma siyasa da ba a hannun kowa take ba. A farkon 2020 gwamnatin Trump ta dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, Biden ya ɗage a Janairun 2021, sannan a Disambar 2025 aka sake saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. Mutum yana iya cika kowane sharaɗi ya tarar ƙofar ce gaba ɗaya aka turo, saboda haka kafin a kashe ko sisi a duba shafin ofishin jakadancin a ga halin da ake ciki a ranar.

Kanada: nan kam ba sassauci

Yawancin masu faɗuwa a nan suke faɗuwa saboda suna ɗauka dokar Amurka ce a ko'ina. Tun watan Yunin 2015 Kanada ta daina karɓar duk auren da aka ɗaura ta wakili ko waya ko na'urar faks ko intanet matuƙar ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin da jikinsa, sojojinsu da ke bakin aiki kawai aka cire. Ba maganar a haɗu daga baya ya gyaru, ko an tare ko an haihu, ɗaurin da aka yi ango yana Toronto ba ya zama hujjar ɗaukar mata. Dalilin da suka bayar shi ne kare mata daga auren dole, a lokacin ne ma suka ɗaga shekarun wadda za a ɗauka daga 16 zuwa 18.

Hanyar da ta rage wa wanda ya riga ya yi ita ce su zauna tare wata 12 a jere ya nema mata a matsayin wadda suke zaman tare, ba a matsayin matar aure ba, wanda ga mai aiki a can barin aiki shekara guda ba ƙaramin abu ba ne. Wasu kan ce to a sake ɗaurawa a rajista in ya zo, wannan kar a yi shi da ka, a nemi lauyan shige da fice mai lasisi tukuna, kuma ko me za a yi kar a ɓoye ɗaurin farko, don hotunansa suna Facebook ɗin dangi da kwanan wata a jiki. Duk wanda ɗansa ko manemin 'yarsa yake Kanada, shawarata ɗaya ce, a ɗaga ranar har ya samu hutu ya zo, kuma a ranar a samu zama ɗaya da shi da amarya da waliyyi da shaidu su sa hannu a takarda tare a ɗauki hoto. Wannan bai taɓa addini ba bai taɓa al'ada ba, a falon gidan ma ana iya yi bayan an dawo daga masallaci.

Ingila: auren ba shi ne matsalar ba

Birtaniya tana bin ƙa'idar cewa in aure ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi to ya inganta, har da na wakilci, kotun ɗaukaka ƙararsu ta tabbatar da haka a 2017. Amma sharaɗi ne ma'auratan sun taɓa haɗuwa ido da ido kuma kowa ya kai 18, soyayyar waya zalla ba ta wucewa. Inda ake jin jiki shi ne aljihu. Daga 11 ga Afrilun 2024 sai mai ɗaukar yana samun fam 29,000 a shekara, da can 18,600 ne, ga kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara da ake biya a dunƙule tun kafin a ba da bizar, ga jarrabawar Turanci matakin farko da ake kira A1, ga gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi a Abuja ko Legas. Bizar farko wata 33 ce, a sabunta, sai an shekara 5 ake neman zaman dindindin.

Kuma wannan duk ga wanda yake ɗan ƙasa ne ko mai zaman dindindin. Samarinmu da yawa da ke can ɗalibai ne ko masu aikin kula da tsofaffi, to daga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya kawo iyali sai mai bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa, daga Maris na shekarar kuma sababbin masu aikin kula da tsofaffi su ma aka hana su. Saurayi zai ce Hajiya da an ɗaura wata uku za ta taho, wataƙila ba ƙarya yake nufi ba, shi ma bai karanta takardarsa ba ne.

Saudiyya kuwa, inda muke da mutane da yawa, ba ta da matsala da auren wakili, abin dubawa shi ne irin sana'ar da ke jikin iƙamar mijin, wato katin zamansa, ko tana ba shi damar kawo iyali, da fassara takardar aure zuwa Larabci a buga mata hatimin ma'aikatar harkokin waje da na ofishin jakadanci, da harajin riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya da yake ƙarƙashinsa. Jamus kuma babbar kotunsu ta yanke a 2024 cewa wanda yake zaune a Jamus ya yi auren Yuta ta bidiyo aurensa bai ɗauru ba.

Takardunmu na gida

Wallahi wani lokacin ba dokar Turawa ce take kayar da mu ba, sakacinmu ne da takarda. Aure iri uku doka ta sani a Najeriya, na rajista da na gargajiya da na Musulunci, kuma na Musulunci aure ne cikakke ba sai an je rajista ba, amma dole a samu shaidarsa a rubuce daga kotun shari'a ko hukumar da ke bayarwa, da ranar gaskiya da sunayen waliyyi da shaidu. Sau nawa ake ɗaura aure a Kumo ko Dukku ko cikin garin Gombe a watse ba wanda ya rubuta komai, sai bayan shekara an tashi neman biza a je a karɓo takarda a sa ranar da aka ga dama. Ita amarya a NIN sunanta Aishatu, a fasfo Aisha, a takardar makaranta an sa sunan kakanta a madadin na babanta, shekarar haihuwa an rage biyu lokacin jarrabawa. Mu mun saba muna ganin ba komai, shi jami'in da ke Legas mutum uku daban yake gani a gabansa. A gyara waɗannan tun kafin biki, a samo takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, don gyaran suna kaɗai yana iya cin watanni.

Sai maganar saki. In ɗayansu ya taɓa aure sai an nuna yadda auren ya ƙare, kuma 'yar takardar da miji ya yage daga littafi ya rubuta na sake ki ba ta isa ita kaɗai, a kai kotun shari'a ta tabbatar ta ba da shaida, in rasuwa ce a kawo takardar rasuwa. Wanda kuma yake da mata a can ya zo ƙari a gida, gara a faɗa wa iyayen yarinya gaskiya, Amurka da Kanada da Ingila babu wadda take ba mace ta biyu bizar aure. Auren halal ne, amma zamanta a Gombe zai kasance, in sun yarda da haka shikenan. Haka wanda ya yi auren rajista da wata a can ko a nan, dokar rajista mace ɗaya ta sani.

Ejan da gajeriyar hanya

Da an ga abu ya yi tsawo sai a samu mai cewa kawo kuɗi in haɗa muku, a nemi bizar ziyara a rubuta ba ta da aure in ta shiga sai a gyara, ko a haɗa hoto a kwamfuta a nuna ango ya halarci biki. Dan Allah a guji wannan. Ƙarya a fom ɗin Amurka tana jawo haramcin shiga na har abada, auren bogi don takarda kuma ɗaurin da ya kai shekara 5 ne da tarar da ta kai dala 250,000. Kanada shekara 5 take hana mutum shiga, Ingila har 10. Kuma sunan da zai ɓaci na yarinyar ne, ita ce ta dangwala yatsa, ejan ya riga ya ci kuɗinsa ya kashe waya. Fasfon ango ma da kansa yana ba da shaida, babu hatimin shigowa Najeriya a watan da aka ce ya zo.

Wadda aka bari tana jira

Wannan ne ya fi ci mini rai. Ranar da aka shafa fatiha ta zama matar aure, manema sun janye, ciyarwa da tufatarwa sun hau kan miji, fita sai da izininsa ta waya, in tana karatu a jami'ar jiha wani ma sai ya ce ta dakata ai tafiya za ta yi. Wata shida, shekara, shekara biyu, 'yan unguwa sun fara yaushe ne tafiyar, ƙannenta an fara kawo kuɗin gaisuwarsu, ita kuma kullum tana riƙe da waya tana lissafin bambancin awa. In abin ya ƙi sai ta koma neman saki daga mutumin da ba a san ƙofar gidansa ba, alƙali ya aika sammaci ina?

Ba cewa nake kar a ba na waje aure ba, akwai yaran kirki da yawa da neman halal ya fitar da su kuma tikitin zuwa gida ba ƙaramin kuɗi ba ne, wani ma takardarsa ba ta ba shi damar fita ya koma, wakilci rahama ne gare su. Amma waliyyi yana da haƙƙin ya zaunar da wakilan ango ya ce Alhaji a gaya mana wace ƙasa yake, da wace irin takarda yake zaune, takardar tana ba shi damar ɗaukar mata ko a'a, yana da wata matar a can, yaushe zai zo da ƙafarsa, kuma kafin biza ta fito a ina yarinya za ta zauna, wa zai riƙe ta, karatunta zai ci gaba? A nemi ya turo hoton katin zamansa a nuna wa wanda ya iya karantawa. Muna binciken asalin manemi har kauyen kakansa in a Bajoga yake ko Billiri, to wanda yake bayan teku ma a yi masa hakan, in an ji amsar ta yi a sa rana, in kuma Kanada ce a jira shi ya sauka a filin jirgin Lawanti tukuna.